Katin zinare na jirgi: daren da muka fito daga falo ni da Hajiya

Shekara uku ke nan ina riƙe da katin zinare na wani kamfanin jirgin sama, irin wanda ake ba fasinja mai yawan tafiya, kuma da gumina na same shi. Duk mai zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya ya san hanyar: baje kolin Kanton na Afrilu, na Oktoba, ga Dubai a tsakani, wani lokacin a leƙa Laleli a Istanbul a ɗauko abaya da takalma. Kujerar gama-gari nake shiga, gwiwa a manne da kujerar gaba, har mil ɗin ya taru.

Shi ma tara mil ɗin sai da na sha wuya kafin na gane kansa. Mil iri biyu ne: akwai wanda ake kashewa a karɓi tikiti, akwai wanda ake ƙirgawa a ba ka matsayi. Kuma ba nisan tafiya kaɗai ake dubawa ba, akwai harafi guda a jikin tikiti mai nuna ajin kuɗin da ka biya. Tikitin rangwame wani rabi yake ba ka, wani kwata, wani ko ɗaya. Na taɓa zuwa Sin na dawo ba a rubuta min komai ba, saboda ejan ɗina ya zaɓo min mafi araha bai gaya min ba. Tun daga ranar, kafin in tura kuɗi sai ya karanto min harafin.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne dawowarmu daga Delhi. Hajiya mahaifiyarmu aka yi wa aikin gwiwa, ƙanwata ce mai jinya, ni ne ɗan rakiya. Mu uku. A filin da muke canjin jirgi zaman awa huɗu ne a takarda, sai ya koma goma sha ɗaya, kuma cikin dare. Ban damu ba da farko. Na ce musu su kwantar da hankali, akwai falo, wato ɗakin hutu na masu kati, akwai wurin miƙe ƙafa da shayi mai zafi. Da bakina na faɗa wa Hajiya haka, tana kan keken marasa lafiya, ƙafarta a naɗe.

Da muka je, babban falon kamfanin a rufe, ana gyara. Aka nuna mana wani na haya a can ƙarshen gini, irin wanda ke karɓar fasinjan kamfanoni da yawa da masu katin banki. A bakin kanta matar ta duba katina ta ce baƙo ɗaya. Na san dokar, ban yi musu ba: mai katin zinare mutum ɗaya yake shiga da shi, kuma wanda suke jirgi ɗaya. Na ce to ni zan tsaya a waje, matan biyu su shiga. Ta ce dole mai kati ya kasance a ciki. Na ciro kuɗi in biya wa ta ukun. Ta ce wuri ya cika, an daina sayar da shiga. Na nuna mata ƙafar Hajiya, na nuna mata takardar asibiti. Ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfutar ba.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ku shiga, ni zan zauna nan." Ta zauna a kan jakarta a bakin ƙofa, na tura keken muka shiga.

Ciki kamar tashar mota ranar jajibirin salla. Babu kujera ko ɗaya, mutane sun haɗa bibbiyu sun miƙe a kai. Wani bawan Allah, ɗan Sin ne ina jin, shi ya tashi ya ba mu tasa, Allah ya saka masa. Na je wajen abinci, na buɗe farantan ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya: shinkafa ta bushe a gefe, miya sai maiƙo a ƙasa, burodi biyu. Babu rubutun da ke nuna naman me ne, kuma yaron da ke wurin bai iya gaya min ba, don haka ban taɓa shi ba. Injin shayi yana ƙara, ruwa ba ya fitowa. Giya kuwa kwalabe a jere, ba ta yanke ba har muka fita.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Wanda ya tsaya min a rai shi ne lokacin da Hajiya ta ja hannun rigata, a hankali, ta ce tana son kama ruwa. Banɗakin masu keke a kulle, wai mai makulli ya tashi. Na matan kuwa akwai taka biyu kafin a shiga, kuma ni ba zan shiga ba. Wadda za ta riƙe ta tana bakin ƙofa, ina hango gyalenta ta gilashi. Na koma kanta na roƙa a bar ta ta shigo minti goma kawai ta kai mahaifiyarmu ta fito. Aka ce sai an tambayi manaja. Manaja bai zo ba. Na tsaya a wurin kusan rabin awa, ina waiwayen tsohuwar nan tana ta gyara zama, ba ta ce uffan ba. Da na dawo ta dube ni ta ce, "Mu koma wajen 'yar'uwarka." Muka fito. A banɗakin kowa da kowa ƙanwata ta kai ta, da gorar ruwa da na saya a madadin buta. Asuba a zaune ta yi ta a kan keke, a wani lungu kusa da ƙofar shiga jirgi, domin falon ba shi da ɗakin salla.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na san yadda falo yake idan an so a yi shi. Da wannan katin na sha shiga falon Turkish Airlines a sabon filin Istanbul, wanda aka koma gaba ɗaya a 2019. Ana gasa burodin pide a gabanka, ga wurin wanka, ga masallaci, ga akwatin ajiye jaka mai kulle. Amfanin ƙawancen kamfanoni ke nan: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000, kowanne yana ba mai babban kati damar shiga falon 'yan'uwa. Amma alkawarin na shiga ne kawai. Abin da za ka tarar bayan ƙofa ya danganta da wanda ya riƙe wurin, kuma tambarin da ke kan allo iri ɗaya ne a duka biyun.

Sai dai kar in ci haƙƙin katin. Da gari ya waye aka ce jirgin ma an soke shi, mutane suka yi dafifi a kanta, layi har ya lanƙwasa. Ni layin masu kati na bi, mutum uku ne a gabana. Cikin minti ashirin an sa mu a wani jirgin, mu ukun, an ba Hajiya kujerar gaba mai wurin miƙe ƙafa. Wasu da muka taso tare daga Delhi sai washegari suka samu. Ga kuma akwati guda na ƙari mai kilo 23 da nake ɗauka kyauta a kowace tafiya. Wanda ya taɓa biyan kuɗin kaya da dala a filin Gwanzu ya san wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. A wannan safiyar har na ji zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina to an rama.

Ba a rama ba. A Abuja akwatunanmu masu alamar fifiko su ne kusan na ƙarshe a kan bel, har da wanda magungunan Hajiya ke ciki, ita kuma tana zaune ƙafa ta kumbura. Na rubuta musu ƙorafi mai tsawo, na faɗi ranar, na faɗi sa'ar, na faɗi maganar banɗakin. Bayan mako biyu amsa ta zo, layi huɗu, suna ba da haƙuri kan jinkirin jirgi. Jinkiri ba shi na kai ƙara ba.

Zan ci gaba da katin saboda kaya da layi, wannan gaskiya ce, kasuwata na buƙatarsu. Amma watan gobe Hajiya za ta koma ganin likita, kuma na riga na gaya wa ejan: ya nemo mana hanyar da zaman canji bai wuce awa uku ba, ko da a wani kamfanin ne, ko da mil ɗin ba zai shiga katina ba. In kuma babu, ya kama mana ɗaki a otal ɗin cikin filin, na mutum uku.