Kadet Senior ko Mustang? Ka ɗauki Kadet

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wanne za ka saya tsakanin tsofaffin kwalayen nan biyu da aka yi maka tayinsu, na ƙananan jiragen sama na katako da mutum ke haɗawa da kansa ya tashe su da rimot, wato Kadet Senior da Mustang P-51 mai siffar jirgin yaƙi, mai ɗaukar inji .60 (lambar tana nuna girman injin). Ka biya kuɗin Kadet. Tunda jirginka na farko ke nan, kuma a nan Jos za ka tashe shi, ban ga abin dogon nazari ba.

Ina da Kadet Senior, ni na haɗa shi da hannuna, kuma har yau yana tashi. Kamfanin Sig ne ya fito da shi a Montezuma da ke jihar Iowa ta Amurka, domin mai koyo aka zana shi tun asali. Tsawon fiffikensa daga baki zuwa baki inci 78 ne, mita biyu ba kaɗan, amma duka nauyinsa wajen kilo 2.7 ne in ba ka labta masa gam ba. Mustang mai inji .60 kuwa fiffikensa bai wuce inci 65 ko kusa da haka ba, ga shi ya tsuke daga can baki, nauyinsa kuma yakan kai kilo 4. In ka raba nauyin a kan faɗin fiffike, abin da fiffiken Mustang yake ɗauka ya ninka na Kadet, wani lokaci har da ɗoriya. Jirgin da fiffikensa ke ɗauke da kaya haka dole ya yi gudu kafin ya tashi, dole ya yi gudu a sama, kuma a guje zai sauka. Mai koyo kuwa babu abin da yake nema kamar lokacin da zai yi tunani kafin ya motsa yatsa.

Sai ka ƙara da inda muke. Jos tana kan tudu, mita 1,200 ko ɗan fiye daga saman teku, iskarmu ta fi ta Legas sirantaka da kashi 10 cikin 100 ko sama, da rana in an yi zafi abin ya ƙaru. Injin mai yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, don haka duk injin da ka ɗaura a nan ya riga ya yi asarar wajen kashi 12 tun kafin ka tayar da shi. Farfela ma ba ta samun iskar da za ta kama sosai, fiffike kuma sai ya ƙara gudu kafin ya ɗaga. Kadet yana da rarar da zai shanye wannan asarar bai ji ba. Mustang ba shi da ita. Da ka rage masa wuta za ka sauka, gefe ɗaya na fiffiken sai ya saki, jirgin ya kifa ta wannan gefen yana kusa da ƙasa, babu sararin ceto.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake son jirgin nan. Wata safiya cikin hunturu mun fita wani fili a bayan Bukuru, irin filayen nan da masu haƙar kuza suka bari, ni da ɗan yayana wanda bai daɗe da fara riƙe rimot ba. Na kai masa jirgin sama sosai na miƙa masa. Yana cikin zagaye injin ya yi tari ya mutu, sanyin safiyar ya sa allurar mai ta so a ƙara buɗe ta. Yaron ya rikice, ya danne sandar gefe guda, jirgin ya sunkuyar da kai yana juyawa. Ban karɓe rimot ɗin ba. Cewa na yi, cire hannunka gaba ɗaya. Ya cire. Kadet ya miƙe da kansa, ya daidaita fikafikansa, ya kama sauka a hankali kamar shirwa. Daga nan da ɗan taɓi kaɗan kaɗan yaron ya juyo da shi ya fuskanci iska, ya sauke shi a wata gonar acca da aka riga aka girbe. Ƙarfen tayar gaba ne kawai ya ɗan lanƙwashe, na miƙar da shi da filaya muka zuba mai muka sake tashi. Yaron nan yanzu shi yake koya wa wasu. Da Mustang ne a hannunsa ranar, a buhu za mu kwaso shi, kuma ban jin zai ƙara taɓa rimot.

Miƙewar nan da ya yi ba sa'a ba ce, ginin ne. Fiffiken yana saman jiki, nauyi yana rataye a ƙarƙashinsa, kuma ɓangarorin biyu sun ɗaga sama daga tsakiya. In jirgin ya karkata ya fara zamewa gefe, ɓangaren da ya yi ƙasa ya fi samun iska, sai ya tura shi ya koma daidai. Abu uku kawai kake sarrafawa a Kadet na asali: wutar inji, hawa da sauka, sai juyawa da wutsiya. Tayoyinsa uku, ɗaya a gaba, don haka yana gudu a miƙe a kan ƙasa mai ɗan tsakuwa. Fiffiken da roba ake ɗaure shi, in ka buga ƙasa da ƙarfi sai ya goce maimakon ya karye. Ka riƙa sa sabuwar roba, man inji da rana suna cinye ta.

Wajen haɗawa ma a nan za ka koyi sana'ar. Jikin Kadet Senior da siraran sandunan balsa, wani katako marar nauyi, ake gina shi, kana yankawa ɗaya bayan ɗaya kana jerawa a kan zanen. Akwai aiki, ba zan ɓoye maka ba, amma aiki ne mai koyar da hannu. Nemi allo miƙaƙƙe wanda bai da ko ɗan lanƙwasa, ɗora falle na silin mai laushi a kai domin fil ya shiga, shimfiɗa zanen, rufe shi da farar leda kada gam ya kama takardar. Ƙasan fiffiken a shafe yake, sai ka kafe haƙarƙarin da fil a kan allon kai tsaye, da wuya ya fito a murɗe. Farin gam na kafintoci ya isa yawancin wurare in ka yi haƙurin bushewarsa, sufa gulu na wurin gaggawa, aradait kuwa sai a allon da ke riƙe inji da mahaɗar fiffike. Kada ka zuba aradait a wutsiya, nauyin bayan zai sa ka ɗora dalma a hanci. Kuma in sanda ta karye nan gaba, balsa dai ba ta a kasuwar Katako, yawancinta daga Ekwado take fitowa, amma obeche namu na gida yana maye gurbinta a wuraren da ake son ƙarfi. Ya fi balsa nauyi ninki biyu ko fiye, don haka sai ka sa kafinta ya tsaga maka shi siriri. Turawan Ingila sun daɗe suna sa obeche a jiragensu, daga yankinmu ake kai musu.

Mustang yana da kyau, wannan ba a musu. Ina da wani jirgin yaƙi irinsa, yana rataye a ɗaki ya fi yawan kwana a can fiye da a fili, domin tayoyinsa masu naɗewa ba sa son ƙasarmu, da ya ci karo da tushen ciyawa sai ya dungura da hanci. In mai shi zai jira ka, ka saya bayan ka ƙone galan biyu ko uku na mai a kan Kadet.

Inda Kadet yake da rauni shi ne iska. Jirgi ne marar nauyi, in iskar hunturu ta taso da hantsi za ka gan shi tsaye cak a sama, ko ma yana ja da baya. Fita da sassafe bayan asuba ko da yamma lis. Fiffiken kuma guda ne, ba ya shiga Keke, sai ka kwantar da kujerar mota. Da damina ledar da aka rufe shi da ita takan saki ta yi tamoji, ɗan guga da ƙaramin dutsen guga marar zafi sosai ya wadatar.

Maganar inji: .40 mai bugu biyu ya ishe shi har a tudunmu. Wahalar ita ce mai, domin ba fetur yake sha ba. Metanol ne da man zurma, na kanti kuma da ɗan naitiro a ciki, kuma jirgin sama ba ya ɗaukar sa a kayan fasinja. Ana haɗa shi a gida, kashi 80 metanol kashi 20 man zurma, injin zai tashi lafiya ko babu naitiro. Sai dai ya zama metanol na gaske daga masu sayar da sinadarai, domin shi ne yake sa zaren filog ɗin injin ya ci gaba da yin ja bayan ka cire batirin da ka tayar da injin da shi. Sifirit na kemis ba zai yi ba, baƙin man mota kuma ba ya gauraya da metanol. Metanol guba ne, yana makantarwa, ka rubuta a jikin jarkar ka ajiye inda yara ba sa kaiwa. In ka ga wannan ya yi maka yawa, sa masa injin lantarki da batirin LiPo mai ɗaki huɗu, ka riƙa caji da batirin motarka a fili, ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke. Kada dai ka bar shi a caji ka tafi masallaci.

In an haɗa maka da tsohon rimot mai doguwar eriya, na 72 ko 35 megahaz, kada ka ƙara ko sisi dominsa. Batiransa sun mutu, wayoyin cikinsa sun yi tsatsa. Sayi sabo na 2.4 gigahaz.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, domin tsohon kwali ya fi komai sauƙin cuta. Hoton murfi kawai za su turo maka a Facebook ko WhatsApp, su ce sabo dal ba a taɓa buɗewa ba, ka tura kuɗi akwai mai jira. Kada ka tura. A buɗe kwalin a gabanka, ko a kiran bidiyo in mutumin yana Abuja. Abu na farko zanen ginin, babbar takardar nan da littafin bayani, in babu su ka sayi itacen hura wuta ne. Sa a warware zanen a ƙirga haƙarƙarin fiffike a kansa, saboda wasu sun riga sun cire rabin katakon sun gyara wani jirgin. Duba ƙasan kwalin, in ka ga gari gari to gara ko ƙwaro sun shiga. Ɗauki dogayen sandunan ka kalle su ta tsawo, kwalin da ya sha damina a sito sandunansa sun lanƙwashe. A Mustang ka duba gilashin matuƙi da murfin inji, robar takan yi ja ta tsage da tsufa, kuma ba za ka sami madadinta a nan ba. In da inji a ciki, juya farfela da hannu. Daskarewa da tsohon man zurma ba komai ba ne, zafi da jiƙawa a mai suna sakinta. Amma in kana jin ƙaras ƙaras, boris ya yi tsatsa, in kuma yana juyawa salalam ba matsi, injin ya gama aiki. Akwai masu goge irin wannan ya yi ƙyalli su sa shi a kwalin wani sanannen kamfani.

Kafin ranar tashi, ka san cewa tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma jami'in da ya gan ka ba zai tsaya bambance jirgin katako da mai kyamara ba. Ka bi ka'idar, ka nisanci filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang da barikin Rukuba, ka gaida mai unguwar wurin da za ka yi wasa ka nuna masa abin da ke hannunka. Halin da garinmu ya sha shiga ya sa mutane ba sa son ganin baƙon abu a sama ba bayani.

In kwalin ya iso kada ka yanka komai tukuna. Turo hoton zanen da katakon a baje, mu duba tare. Ranar tashin farko kuma ka kira ni, ina da igiyar da ke haɗa rimot biyu, in ya kuɓuce maka sai in karɓa daga nawa.