JSON-RPC ko gRPC: Wanne Za Ka Ɗauka?

Masu haɗa manhaja da nod ɗin kirifto (kwamfutar da ke cikin hanyar sadarwar kuɗin kirifto) sun sha yi mini wannan tambaya. Duka biyun hanyoyi ne da manhaja ke aika wa nod buƙata ta karɓi amsa.

JSON-RPC da JSON yake rubuta saƙo, JSON kuwa rubutu ne da ido ke iya karantawa, in saƙo ya lalace nan take ka gane. Da shi Bitcoin Core da Geth, manhajojin nod na Bitcoin da Ethereum, suke aiki. Sai dai yana da nauyi, kuma manyan lambobi na ba shi wuya, shi ya sa Ethereum ke rubuta adadi da hex (tsarin ƙirga mai alamomi goma sha shida). Ka yi sake wajen warwarewa, lissafin kuɗi ya karkace.

Shi kuwa gRPC, irin na lnd (manhajar nod ta Lightning, hanyar biya mai sauri a kan Bitcoin), da Protobuf (tsarin da na'ura ke karantawa, ba ido ba) yake dunƙule saƙo: ƙarami, ga sauri, amma sai ka tanadi fayil ɗin .proto, mai fayyace tsarin saƙon, tukuna.

Mai koyo, JSON ya ishe shi. Mai tura buƙatu ba ƙaƙƙautawa, gRPC ya fi masa.