Daren da na bi salsalar George Washington a WikiTree

Wani ɗalibina ɗan aji biyar ne ya jawo mini wannan aiki. Ina cikin bayanin yadda George Washington ya jagoranci mayaƙan Amurka tun 1775 har sojojin Ingila suka miƙa wuya a Yorktown a 1781, sai ya ɗaga hannu: "Malam, wai da gaske shi ma jinin sarakunan Ingila ne?" Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Da farko na faɗa hannun wani shafi mai karɓar kuɗi. Ya jero mini sarakuna birjik, amma ko hujja ɗaya babu. Kuɗina suka bi ruwa. Daga baya wani abokin aikina ya nuna mini WikiTree, wani shafin intanet na bin salsala, kuma ko kwabo ban biya ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, a can ba kowa ake bari ya taɓa bayanan mutanen da aka haifa kafin 1500 ba, sai wanda aka tantance. Ga kuma madogara a ƙasan tarihin mutum, ka duba da idonka.

Na fara daga kakarsa ta wajen uba, Mildred Warner. Mahaifiyarta ma Mildred ce, 'yar Kanar George Reade wanda ya isa Virginia a 1637. Shi ma Reade ɗin, sunan mahaifiyarsa Mildred Windebank. Takwarori uku! Sai da na ɗauko biro da takarda don kada su rikita ni. Daga nan zaren ya shiga gidan Dymoke, inda na fi daɗewa. A da, har zuwa 1821, gadonsu ne ranar naɗin sarkin Ingila mutum ɗaya daga cikinsu ya shigo fada a kan doki, sanye da sulke, ya ce duk mai ja da sabon sarki ya fito. Wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan sallah zai gane. Sai gidajen Tailboys, Gascoigne, Percy da Mortimer, har aka dire kan Lionel, ɗan Edward na Uku, sarkin Ingila da ya yi mulki daga 1327 zuwa 1377.

Ina ba malaman tarihi shawarar su gwada, amma a kwamfuta, don sunayen suna da yawa, kuma a tanadi Turanci da haƙuri.

Ranar Litinin na zana salsalar a allo, daga sama har ƙasa. Yaron ya ƙirga da yatsa, ya juyo ya ce, "Malam, ashe duk ta wajen mata aka fi bi."