Zaɓen kafireta da salansa ga tsohuwar Hilux mai injin 22R

Injin 22R na kamfanin Toyota, wanda aka fara ƙera shi a 1981, yana da silinda huɗu da girman lita 2.4, kuma har yau yana cikin tsofaffin motocin Hilux masu jigilar hatsi da siminti. Idan irin wannan mota ta fara shan mai fiye da kima ko ta kasa jan kaya a hawa, kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin, ake fara zargi, alhali sau da yawa matsalar tana ga fulogi, ko bawul, ko ring ɗin fistin da ya cinye. Saboda haka kafin mai mota ya nufi kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya kamata bakanike ya auna matsin kowace silinda, domin sabuwar kafireta ba ta tayar da injin da ya gaji.

Idan injin lafiyarsa ƙalau, zaɓi mafi sauƙin kuɗi shi ne a gyara kafiretar Aisan da motar ta zo da ita, a wanke ta, a sauya gasket da allurar da ke tsayar da mai. Tana da tattalin fetur, abin da ya ƙara muhimmanci tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Aibinta shi ne yawan ƙananan robobin iska da ke tsagewa, kuma idan sandar totur ta cinye mazauninta har iska na shiga ta gefe, injin ba zai ƙara zama daidai a silo ba, komai ƙwarewar mai saiti.

A nan ne kafiretar Weber 32/36 take shigowa, kuma ita ce na fi ganin ta dace da motar ɗaukar kaya. Maƙogwaro biyu gare ta, ƙaramin mai faɗin milimita 32 shi ke aiki a tafiyar yau da kullum, babban mai milimita 36 kuma ba ya buɗewa sai an taka totur sosai, don haka direba mai sanyin ƙafa ba ya asarar mai. Tana buƙatar farantin da zai haɗa ta da injin, da mai rage matsin fetur zuwa wajen 3 a ma'aunin matsi na psi, domin idan matsin ya wuce haka sai ta riƙa ambaliya, fulogi su yi baƙi ƙirin. Matatar iskar da ake sayar da ita tare da ita a buɗe take, ba ta da maganin ƙurar hunturu, gara a nemi hanyar riƙe tsohon akwatin matata na asali. Jabun wannan kafireta ta Weber ta cika kasuwa. Ta ainihi a Sifaniya ake ƙera ta yanzu, sai mai saye ya juya ta ya duba tambarin da ke jikin ƙarfen da kuma tsaftar zubin, ya motsa sandar totur da yatsa ya ji ko tana girgiɗi.

Ita kuwa Weber 38/38 tana buɗe maƙogwaronta biyu lokaci guda, ta fi ƙarfi kuma ta fi ci, ba ta da riba sai ga injin da aka riga aka yi wa wasu gyare-gyare.

Batun salansa ya fi sauƙi, amma a nan aka fi yin kuskure, domin wasu sun ɗauka faɗin bututu da yawan ƙara su ne ƙarfi. Bututu mai faɗin inci 2 zuwa 2.25 ya wadatar da wannan injin, wanda ya wuce haka yana rage gudun hayaƙi, motar ta rasa ƙarfin tashi da kaya. Mahaɗar hayaƙi ta asali, wadda ke tattara hayaƙin silinda huɗu zuwa salansa, ta baƙin ƙarfe, idan ba ta tsage ba a bar ta. Wanda zai sauya ta da ta bututu ya zaɓi samfurin da bututu huɗu ke komawa biyu sannan ɗaya, ya kuma tabbatar bakinta mai kauri ne, domin siriri yana lanƙwashewa da zafi ya riƙa fesar da hayaƙi. Aikin mai walda ma abin dubawa ne, tunda gwiwar da aka matse wajen lanƙwasawa tana toshe hanya.

A fara da salansa, sannan a saita kafireta, domin sauya hanyar hayaƙi yana canza yawan man da injin ke nema. Motar da ke aiki a Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200 kuma iska ba ta da nauyi, tana son jet, wato ƙaramar kafar da fetur ke bi a cikin kafireta, ɗan ƙarami fiye da wadda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Sakkwato.