Injin 504 da ya daɗe a ajiye ko ɗan Beljiyam: wanne za a ɗora?

Masu gyaran tsohuwar Fijo 504 a Jos sun dame ni da tambaya ɗaya: a tayar da injinta na asali da ya shekara goma a gareji, ko a shiga kasuwar kayan mota ta Dilimi a sayo ɗan Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi?

Ta fuskar kuɗi, na asalin kamar kyauta ne, sai an buɗe shi. Gasket da sil sun bushe, tsohon fetur ya daskare a kafireta, ruwan da aka bari a ciki ya ci ƙarfe. Kada a yi gaggawar buga sitata. A kwance fulogi, a zuba mai a silinda, a bar shi kwanaki, sannan a juya shi da sifana. In ya juya, da sauran rai. Injin 504 kuma yana da alheri guda: layinonin silindarsa, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, ana zare su a sa sababbi tare da fistin, aikin da tsofaffin makanikan Farin Gada suka iya a hannu, tunda PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, ta fara haɗa motar a Kaduna tun 1975.

Ɗan Beljiyam ya fi sauri, amma tarihinsa a bakin mai sayarwa kawai yake. A sa a tayar da shi a gabanka, a dubi hayaƙi. Lambarsa ma ba za ta dace da takardun motar ba.

Mai son motar ta koma titi a wannan watan, ɗan Beljiyam ya ishe shi. Mai riƙe da motar mahaifinsa, ko mai fatan ta yi daraja wajen masu tara tsofaffin motoci, ya haƙura ya farfaɗo da na asali.