Buhun PICS: wata 8 wakena yana ciki, ko ƙwaro ɗaya ban gani ba

Mu dai duk shekara ɗan waken da muke nomawa a gonar bayan gida shi ne cefanenmu, amma kafin a kai bazara ƙwari sun huda shi, kina buɗe buhu gari ne ke tashi. Da ƙwayar bom, wato maganin kashe ƙwarin hatsi, muke sawa, ni kuma wallahi hankalina bai taɓa kwanciya da ita ba, abin da yara za su ci a alale da ƙosai ace an haɗa shi da guba?

Bara da kaka ƙanen maigidana ya kawo mana buhun PICS guda 2 daga Kano, wanda ake cewa mai hawa uku. Leda 2 ne masu kauri a ciki sai buhun saƙa a waje, asalin fasahar daga jami'ar Purdue ta Amurka take, kuma babu wani magani a jikinsa, iska kawai yake toshewa, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar wadda ta rage su mutu.

Mun shanya waken sosai har sai da ya zama in ka ciza yana ƙas, don in da danshi ruɓewa zai yi. Kafin zubawa na hura kowace leda na matsa in ji ko tana fitar da iska, sannan muka zuba, muka danne iskar ta fita, kowace leda aka murɗe bakinta aka lanƙwasa aka ɗaure ita kaɗai, ta ciki tukuna, sai ta biyu, sai buhun waje. Wannan ɗaurin shi ne aikin gaba ɗaya gaskiya, kuma mutum ɗaya zai sha wuya, mu biyu muka yi. Muka ɗora na farkon kan katako nesa da bango.

A watan 11 muka ɗaure, sai watan 7 na buɗe na farko lokacin da wake ya yi tsada a kasuwa. Na tura hannu har gwiwar hannu na ɗebo, fari tas, ba huji ba wari, na jiƙa kwano ɗaya na yi alale ranar har maƙwabciyata ta tambaya ko sabon wake na samo.

Inda za a kula, ya fi buhun gama gari tsada nesa ba kusa ba, sannan ɓera ba ruwansa da fasaha, na biyun da aka bari ya jingina da bango ɓeran ya ɗan taɓa shi ta gefe, Allah Ya so mun gani da wuri muka fara cinye shi. Kuma ba buhun da za ki riƙa buɗewa kullum ba ne, na girkin wata ki ware shi daban a bokiti mai murfi.

Ledojin na farkon lafiyarsu ƙalau, na goge na ninke na ajiye, bana in Allah Ya kai mu kaka masara zan gwada a ciki.