Kemis ɗin bakin tasharmu, abin da na gani a sati shida da na zauna a ciki

Tun da na dawo hutu 'yan garinmu da ke zaune a Kano da Dutse suke ta kirana, wai wane kemis zan ce su dinga tura iyayensu in ciwo ya taso, tunda yanzu ni ne ɗan famasi a garin. To gaskiya aji biyu kawai nake, simesta ɗaya tal nayi a ainihin kwas ɗin, amma na zauna sati shida cur a kemis ɗin bakin tasha ina taya mai shi, daga ƙarshen Mayu har farkon Yuli, dan haka abin da idona ya gani zan iya faɗa. Ba zan kama sunansa ba, abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa, duk wanda ya san ƙauyukanmu na tsakanin Gujungu da Jahun ya san irin shagon da nake nufi.

Yadda akai na je can ma labari ne. Sau biyu na zana JAMB kafin na samu famasi, ranar da sunana ya fito har kuka Innarmu tayi. Aji ɗaya bai ban wahala ba dan kusan karatun sakandare ne aka ƙara masa nauyi, kemistiri da fiziks da bayoloji da lissafi. Da muka shiga aji biyu ne na gane inda na kawo kaina, anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri da famasutiks duk a lokaci guda, safe lakca yamma firaktikal, dare kuma ka zauna rubuta rahoton lab da hannu har biyun dare, ga makin ci a wajenmu 50 ne ba 40 ba. Tes ɗin farko na lissafin magani na faɗi warwas, ni da nake ɗaukar na ɗaya a lissafi a makarantarmu ta gari. Na dawo gida jikina a sanyaye ina lissafin shekara shida zan yi a haka, ga Baffa riɗinsa ya sayar ya biya min rajista. Bai min faɗa ba, cewa kawai yayi kada in ga ka a majalisa, gobe ka tafi wajen abokina ka zauna.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, kanta ta katako, benci biyu a waje, da labule a lungu inda mata ke tsayawa su faɗi matsalarsu ba tare da 'yan tasha sun ji ba, wannan labulen kaɗai ya sa matan garin da yawa suka fi son nan. Akwai ƙaramar sola mai ɗaukar fitila biyu da fanka ɗaya. A bango ya rataye lasisinsa na PCN, hukumar da ke kula da harkar famasi, irin wanda ake ba masu sayar da ƙananan magunguna, ba famasi ba ne cikakke kuma shi da bakinsa yake faɗa.

Abu na farko da ya burge ni inda yake saro kaya. Da can Sabon Gari yake zuwa kamar kowa, tun da aka tashi 'yan magani daga can a 2024 aka mayar da su sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya, can yake zuwa da kansa duk sati biyu, kuma yana ajiye rasit a wata tsohuwar jaka. Masu kawo magani a bayan babur suna zuwa su ce ga mai sauƙi, sau uku ina zaune ya sallame su ko buɗe kwalin bai yi ba. Duk kwali sai ya duba lambar NAFDAC da ranar ekspaya, maganin maleriya kuma mai wajen kankarewa a jiki yakan sa in kankare in tura lambar ta tes a gaban mai saye. Maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018 da tiramol babu su a shagon sam, samari sun ma daina tambaya dan sun san amsar.

Maganar zazzaɓi kuwa nan ya fi ƙarfi. In kazo kace maleriya kake, sai ya tsira maka ɗan yatsa ya ɗiga jinin a abin gwaji, kayi zaman minti 15 a benci, in layi biyu ya fito ya baka magani in ɗaya ne yace ba ita ba ce, kuma wallahi na ga mutane sun yi fushi sun tafi saboda haka bai damu ba. In ya bada maganin nan mai ƙwaya 24 na manya, ba miƙawa kawai yake ba, sai ya ɗau biro ya zana a jikin kwalin, huɗu yanzu, huɗu bayan awa takwas, sannan safe da dare na kwana biyu, ya ce a sha bayan an ci abu mai maiƙo ko an sha nono dan ya fi shiga jiki, kuma ko an ji sauƙi a rana ta biyu kada a ajiye sauran wai sai wani ya kwanta. Ga wanda bai iya karatu ba rana yake zanawa da wata.

Akwai wata rana da ba zan manta ba. Wata mata tazo da yaro goye, bai fi shekara ɗaya da rabi ba, kwana biyu yana gudawa, tace Baba a bani ja da yalo guda biyu in fasa masa a ruwa. Ja da yalo ɗin nan tetirasaikilin ne, a garinmu shi ne maganin kowace gudawa, alhali ba a ba yara ƙanana shi, haƙora ma yake ɓata musu. Baba yace sauke shi in gani baiwar Allah. Ya ɗan tsunkuli fatar cikin yaron ya saki, ya duba idonsa, ya tambaya yana karɓar nono, akwai jini a kashin, tace yana sha kuma babu jini. Sai ya aike ni na sayo fiya wata leda biyu, ya juye a kwano mai tsabta ya zuba hodar gishiri da siga guda ɗaya, ya nuna mata yadda za ta dinga ba shi da cokali kaɗan kaɗan ko da yana amai, ya haɗa mata da ƙwayar zink ta kwana goma, ya ce in ya ƙi sha ko ido ya faɗa kada ta dawo nan, asibiti kai tsaye. Ina tsaye ina kallo sai lakcar fisiyoloji ta faɗo min a rai, yadda siga ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji ruwa kuma ya bi su, abin da na haddace da ƙyar dan jarrabawa kawai ga shi a cikin kwano a gabana. Bayan kwana uku ta wuce ta gaban shagon za ta kai niƙa, yaron na ta wasa a bayanta, ta ɗaga mana hannu. Ranar ce karon farko tun bayan tes ɗin nan da na buɗe handawut da son raina.

Kuma ya san iyakarsa. Ba ya allura, ba ya ƙarin ruwa, duk da kusan kullum sai an roƙe shi dan mutanenmu gani suke in ba a soka maka allura ba ba a yi maka magani ba. Mai ciki da ƙafa ta kumbura ko kai ke sara mata, yaro mai jijjiga, duk babban asibitin Jahun yake turawa, har lambar wani mai mota yake da ita saboda dare. Yana da littafin bashi kuma, da yawa sai kaka suke biya.

To amma akwai inda nake da ja, kuma shi ma na faɗa masa ido da ido.

Babba shi ne haɗi. Da yamma in an taso daga gona za ka ga magidanta na shigowa, Baba a haɗa min na ɗari uku jikina kamar an min duka, sai ya ɓallo parasitamol biyu, diklofenak ɗaya, ibufurofen ɗaya, wani lokacin da wata 'yar ƙaramar fara, ya naɗe a takarda, mutum ya watsa gaba ɗaya a baki ya kora da ruwan buta, cikinsa babu komai tun kokon safe. Mu ba mu fara famakoloji ba tukuna, amma wani siniya ɗan aji biyar da muke ɗaki ɗaya ya taɓa zaunar da ni ya min bayani cewa diklofenak da ibufurofen dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara cin bangon ciki da wahalar da ƙoda, balle ga mutumin da ya yini a rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba, balle mai olsa. Ita kuwa ƙaramar farar dekza ce, wato dekzametason, dangin sitiroyid, wadda ba ta ma cikin abin da ya kamata irin wannan shago ya dinga ɓallarwa. Na daure sati guda ina kallo kafin na iya magana, dan da nauyi yaro ya gyara wa sa'an ubansa sana'ar da ya shekara ashirin a kai. Da na faɗa bai ji haushi ba, shiru yayi sannan yace ɗana, in ban ba shi ba wajen mai tire zai tafi ranar kasuwa, ya ba shi wanda rana ta gama dafawa, har da wanda ni da kai ba mu san sunansa ba. Maganarsa gaskiya ce, na ga masu tiren da idona, amma ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Abin da muka tsaya a kai ya cire dekza daga haɗin gaba ɗaya, ya daina sa 'yan dangi ɗaya biyu tare, kuma yana tambaya ko kana da olsa ko ka ci abinci. Haɗin dai bai daina ba.

Haka antibayotik, mutum zai ce a yanka masa amoksil guda huɗu dan iya kuɗinsa kenan, a yanka masa. Wannan talauci ne a gindinsa na sani, sai dai rabin magani shi ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai, gobe a ba ka cikakke ya ƙi aiki.

Sai zafi. Yawancin kwalayen nan an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Mayu muna haura 40, ga kwano ba silin. Wata azahar na miƙa hannu saman kanta na ɗauko sirop na yara, kwalbar ɗumi kamar an sauke shayi. Mun sauko da su ƙasa kusa da randa, ya kuma yi alkawarin buga silin in an yi kaka. Firji babu, dan haka duk abin da ke buƙatar sanyi kada ma ka tambaya. Shi ma yakan ce wa mata in an haɗa sirop ɗin hoda da ruwa a ajiye a gindin randa kuma kada ya wuce sati.

Yaron shagon ma matsala ne, ranar da Baba ya tafi Kano saro kaya duk wannan tambaye tambayen babu, abin da ka ce shi zai miƙo maka. In da hali a jira Baba ya dawo.

Ni kaina zaman bai zo min da daɗi kullum ba. Mutane likita suke ce min, nayi ta cewa ni ɗalibi ne kuma famasi daban likita daban, ba sa ji. Wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo ledar magungunan hawan jini da aka ba shi a asibiti, yace likita duba min, zan iya haɗawa da jiƙon da nake sha? Na juya kwalayen na karanta sunayen, ko ɗaya ba a koya mana ba. Nace masa kayi haƙuri ban kai nan a karatu ba, ka koma wajen wanda ya rubuta maka ka tafi da jiƙon ya gani. Kallon da yayi min kafin ya tattara ledarsa ya tsaya min a rai, daren nan ban yi barcin kirki ba, na rubuta sunayen magungunan a bayan littafina, amlodifin da lisinofiril, har yau suna nan.

Kuɗin kayansa ya ɗan ɗara na masu tire da na wani kemis ɗin da ke cikin gari, wasu na ƙorafi, ni a ganina bambancin bai kai a yi kasada ba. Magungunan hawan jini da na siga ba ko yaushe ake samu ba, masu wannan lalura gara su sayo na wata guda daga famasin asibiti in sun je ganin likita. Dan zazzaɓi, gudawar yara, mura, ciwon kai, wankin ƙaramin rauni da maganin tsutsar ciki, ku tura iyayenku nan hankali kwance, amma ku ja musu kunne kada su ce a haɗa musu, su faɗi abin da ke damunsu kawai su bar shi ya zaɓa, kuma su tafi da kuɗin cikakken magani ba rabi ba. Yana buɗewa bayan ya dawo daga sallar asuba ya karya, ya rufe wajen goman dare, ranar Juma'a yana kullewa daga sha biyu sai an sauko masallaci. In dare yayi sosai gidansa ne mai jar ƙofa a bayan shagon, ana ƙwanƙwasawa yana fitowa.